Shin Ya Dace Ma'aikatan ICT Su Gwada Fasa Kalmar Sirrinka?

Kowane ɗalibi a makarantar nan, daga ɗan ND I da bai gama gane hanyar hostal ba har zuwa ɗan HND II da ke fama da furojet, yana da wani ɗaki da ba a gani da ido, wato shafinsa na potal. A can ake rijistar kwasa-kwasai, a can ake ciro takardar biyan kuɗin makaranta, a can sakamako ke fitowa. Hotonka, lambar wayarka, ranar haihuwarka, sunan garinku da na wanda za a kira in wani abu ya same ka, duk suna ciki. Ƙofar ɗakin nan kuwa kwaɗo ɗaya gare ta, shi ne kalmar sirri, wadda muka fi kira faswod.

Tambayar ita ce: ma'aikatan sashen ICT da ke kula da potal, ya dace su zauna su gwada fasa kalmomin sirrinmu don su gano masu rauni? Wasu za su ce ai aikinsu ke nan, kamar maigadin kasuwa da ke zagayawa da dare yana jijjiga kwaɗon kowane shago ya ji ko ya kama. Wasu kuma su ce a'a, jijjigawa daban, buɗewa daban, kuma ranar da maigadi ya iya buɗe shagonka to barci ya ƙare maka. Ni dai ina ganin ya kamata su gwada. Amma yadda za a yi gwajin, da wanda ya ba da izini, da abin da zai faru da ɗalibin da kalmarsa ta faɗi, nan ne maganar take.

Su ma fa ba su san kalmarka ba

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a tsarin da aka gina yadda ya kamata, ma'aikacin ICT ba zai iya buɗe kwamfuta ya karanta kalmar sirrinka ba, ko da shi ne shugaban sashen. Ranar da ka zaɓi kalmar, kwamfuta ba ta ajiye ta yadda ka rubuta. Zuba ta take yi cikin wani lissafi da ke niƙe ta, ya fito da wani dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana, wanda ake kira hash. Shi ake ajiyewa. Lissafin nan gaba kawai yake yi, kamar injin niƙa: ka zuba dawa ka kwashi gari, amma babu injin da za ka zuba wa gari ya maido maka da dawa. Gobe in ka zo shiga, ka rubuta kalmarka, a sake niƙawa, a kwatanta garin yau da wanda aka ajiye. In sun zo daidai, ƙofa ta buɗe. Shi ya sa in ka manta kalmarka ba a gaya maka ita, sai dai a ce ka zaɓi sabuwa. Duk shafin da ka ce masa ka manta, ya turo maka tsohuwar kalmarka ɗungurungum ta imel, to ka sani gidan nan ba a niƙa komai.

To in haka ne, yaya ake gwada ƙarfin kalmar da ba a gani? Da canki-canka. Mai gwajin zai kwafi jerin hash ɗin, ya ɗauko manhaja irin su John the Ripper ko Hashcat, waɗanda kyauta ake samunsu a intanet, ya ba ta tarin kalmomin da ake zaton mutane na amfani da su. Manhajar ta riƙa niƙa su ɗaya bayan ɗaya tana kwatantawa. Duk inda gari ya yi daidai da gari, an gano kalmar mutum. Wato babu wani bambanci tsakanin aikin da ma'aikacin ICT zai yi da wanda ɓarawo zai yi in ya sace jerin. Kayan aiki ɗaya, hanya ɗaya. Niyya da izini ne kawai suka raba su.

Bari mu ɗan yi lissafi, don a nan ne mutum ke gane inda yake. Lambar sirri ta ATM mai lamba 4, hanyoyi 10,000 ne kacal ake iya jera ta. Abin da ke ceton ta shi ne na'urar tana rufe kati bayan an yi kuskure sau kaɗan. Kalma mai ƙananan haruffan Turanci 6 tana da hanyoyi kusan miliyan 309, mai haruffa 8 kuma sama da biliyan 208. Adadin ya yi kama da mai yawa, ko? To katin hoton kwamfuta guda ɗaya irin na masu wasan gem, kamar RTX 4090, yana iya gwada sama da biliyan 100 a daƙiƙa ɗaya idan da tsohon lissafin nan MD5 aka niƙa kalmomin.

Sai kuma abin da muka fi yi a nan, wato lambar waya. Lamba 11 ce, sai mutum ya ga ai ta yi tsawo. Amma layukanmu da 070, 080, 081, 090 ko 091 suke farawa, ka ga abin da ya rage a canka lamba 8 ne sau biyar, miliyan 500 ke nan. Ranar haihuwa ta fi wannan arha: kwana 365 sau shekara 40 bai kai 15,000 ba. Kuma gaskiyar magana, wanda ya riƙe rumbun bayanan makaranta ba sai ya yi canki-canka ba, domin lambar wayarka da ranar haihuwarka da lambar rijistarka suna nan a layi ɗaya da hash ɗinka. Su zai fara gwadawa.

Wani zai ce ai ni da Hausa na rubuta tawa, Bature bai san ta ba. Wa ya ce maka Bature ne zai zo? Ka tara sunaye dubu, su Aisha da Abubakar da Khadija, ka haɗa da sunayen garuruwa da na jaruman Kannywood da Arsenal da Barcelona da Kano Pillars, ka liƙa wa kowanne shekara 50 a baya, ka samu 50,000. Kafin ka ɗaga kofin shayi kwamfuta ta gama da su.

Tarin kalmomin da ake gwaji da su ma ba daga ka aka ƙago su ba, na mutane ne na gaske. A Disambar 2009 aka kutsa wani kamfani a Amurka mai suna RockYou, aka kwashe kalmomin sirri na asusu wajen miliyan 32 waɗanda aka ajiye ba tare da an niƙa ba. Har yau jerin nan ne ake fara koya wa ɗaliban tsaron kwamfuta aiki da shi. A 2019 hukumar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, ta bayyana cewa a cikin asusun da aka taɓa kutsawa, 123456 ta fito sau miliyan 23.2.

Gwajin ba sabon abu ba ne

Tun kafin a haifi iyayen wasunmu ake wannan gwajin. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na cibiyar bincike ta Bell Labs suka wallafa wata maƙala kan tsaron kalmar sirri a tsarin Unix. Sun tattara kalmomi 3,289, suka tarar kashi 86 cikin ɗari gajeru ne ƙwarai ko kuma irin waɗanda ake samu a ƙamus da jerin sunaye. Kuma fa masu amfani da kwamfuta a wancan zamanin ba irinmu ba ne, masana ne. A 1991 Alec Muffett, wanda ke kula da kwamfutocin jami'ar Aberystwyth a yankin Wales, ya saki wata manhaja mai suna Crack, don masu aiki irin nasa su gano raunanan kalmomi kafin ɓarayi su gano. Ka ga ke nan asalin abin daga ma'aikacin ICT na makaranta ya fito.

Hujjarsu mai sauƙi ce, kuma ni ban ga yadda za a ture ta ba. Ko ma'aikata sun gwada ko ba su gwada ba, mai kutse zai gwada. In kwaɗonka ruɓaɓɓe ne, gara maigadi ya faɗa maka da safe, da ka zo ka tarar da shago wayam. A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ke shayar da gabashin Amurka, ya tsayar da aiki na kwanaki, aka yi ta layin mai, har ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi, kalmar sirri ɗaya kawai ke tsaronsa.

Mutumin da ya gwada bai tambaya ba

Amma ga ɗaya gefen. Randal Schwartz sanannen mai rubuta manhaja ne, littattafansa kan yaren kwamfuta na Perl sun zaga duniya. A 1993 yana aikin kwantaragi da kamfanin Intel a jihar Oregon ta Amurka, sai ya kwafi jerin kalmomin sirri na wani sashe na kamfanin, ya sa manhajar Crack a kai, ya kuwa fasa da dama. Shi ya ce don ya nuna musu rauninsu ya yi. Matsalar ita ce bai nemi izinin kowa ba, kuma bai kai rahoto ba har wani ma'aikaci ya lura da abin da ke gudana a kwamfutar. Kamfanin ya kira 'yan sanda. A 1995 kotu ta same shi da manyan laifuka uku, aka sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara 5 tare da aikin al'umma na awa 480. Sai a 2007 aka share masa hukuncin daga kundi. Shekara 12 yana ɗauke da tabon.

Masu harkar kwamfuta sun daɗe suna gardama kan ko an yi masa adalci. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, kotu ba ta iya leƙa zuciyar mutum, takarda take iya karantawa. Kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, musamman 'yan Kimiyyar Kwamfuta da ake turawa SIWES a ofisoshi. Ka koyi Hashcat a YouTube, an ba ka kujera a ɗakin saba, sai zuciya ta raya maka ka burge oga. Kada ka soma. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ta tanadi ɗauri da tara kan shiga kwamfuta ko rumbun bayanai ba da izini ba. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da makarantu, nauyin tsare su da kuma amfani da su kan dalili halastacce. Dokar nan ta biyu kaifi biyu gare ta: tana tilasta wa makaranta ta tabbatar ƙofofinta na da ƙarfi, tana kuma hana ma'aikacinta ya riƙa leƙe-leƙe don nishaɗi. Don haka ko ma'aikacin ICT na dindindin, kasancewar makullin ɗakin saba na aljihunsa bai zama izini ba. Izini shi ne takarda daga hukumar makaranta da ta faɗi wa zai yi, yaushe, a kan waɗanne asusu, kuma ina sakamakon zai je.

Abin da mai gwajin zai gani

Akwai wani abu da masu cewa "ai don amfaninku ne" ke tsallakewa. Kalmar sirri ba lamba ce kawai ba, sau da yawa sirri ce ta gaske. Wani sunan yarinyar da bai taɓa iya yi wa magana ba ya sa. Wata sunan mahaifiyarta da ta rasu. Wani zagin malamin da ya ba shi kariyoba. Ranar da manhaja ta fasa, duk wannan zai bayyana a fuskar kwamfuta, kusa da lambar rijistar mai shi, a gaban mutumin da gobe za ku haɗu a kantin makaranta.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne, yawancinmu kalma ɗaya muke yawo da ita. Ita ce a potal, ita ce a Gmail, ita ce a Facebook, ita ce a shafin JAMB da na NELFUND, wani ma har manhajar banki. Wanda ya ga kalmarka ta potal bai buɗe ɗaki ɗaya ba, ya karɓi zoben makullan gidan ne gaba ɗaya. Ba ina cewa ma'aikatanmu ɓarayi ba ne. Ina cewa tsarin da ya dogara kan kowa ya zama mutumin kirki a kowace rana ba tsari ba ne. A 2019 Facebook ya amsa cewa ya ajiye kalmomin sirri na ɗaruruwan miliyoyin mutane ba a niƙe ba, a inda ma'aikatansa za su iya gani. Ya ce bai ga alamar wani ya yi amfani da su ba, amma duk da haka a Satumbar 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci kamfanin Meta tarar yuro miliyan 91. Barin abin a buɗe kawai ya isa laifi.

Wannan yana da magani, kuma ba mai tsada ba. Ana iya tsara gwajin yadda abin da zai fito kawai shi ne "ta faɗi" ko "ta tsaya" a gaban kowace lambar rijista, ba tare da ido ya ga kalmar ba. A yi shi a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, mutum biyu suna wurin, a goge komai in an gama. In ma'aikaci ya taɓa ce maka cikin raha "kai wannan faswod ɗin naka", to gwajin ya lalace tun daga tushe.

Kuma jarrabawar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Saurin fasa kalma ya danganta da irin injin niƙan da ma'aikatan suka zaɓa. Akwai lissafi irin su bcrypt, na 1999, da Argon2, na 2015, waɗanda da gangan aka yi su masu nawa. Mu ƙaddara ɓarawo zai iya gwada 10,000 kawai a daƙiƙa: lambar wayar nan da MD5 ke bari a fasa kafin ƙiftawar ido, yanzu za ta iya cin sa wajen awa 14, kuma na mutum ɗaya ke nan. Akwai kuma abin da ake kira gishiri, wato wasu haruffa na daban da ake barbaɗa wa kalmar kowane mutum kafin a niƙa, don ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya garinsu ya bambanta. LinkedIn bai sa gishiri ba, shi ya sa da aka watsa hash miliyan 6.5 na masu amfani da shi a 2012, cikin 'yan kwanaki aka fasa mafi yawa. Saboda haka in sashen ICT ya zo yana cewa kashi kaza na ɗalibai kalmarsu ba ta da ƙarfi, muna da damar mu tambaya: ku da wane lissafi kuke ajiye ta? Sannan wa ya fara ba mu lambar rijista ko sunan mahaifi a matsayin kalmar shiga ta farko, kamar yadda makarantu da yawa ke yi, bai kuma tilasta a canza ba?

A tare a bakin ƙofa

Hanyar da ta fi duka sauƙi ita ce kada a bari raunanniyar kalma ta shiga tun farko. A 2017 hukumar NIST ta Amurka, wadda duniya ke kwaikwayon ƙa'idojinta a wannan fanni, ta fitar da sabon jagora. Ta ce a lokacin da mutum ke zaɓen kalma, a kwatanta ta da jerin waɗanda aka san sun taɓa fita ko aka cika amfani da su, in tana ciki a ƙi karɓa, a faɗa masa dalili. Ta kuma ce a daina tilasta wa mutane canza kalma duk bayan 'yan watanni ba gaira ba dalili, a daina dole sai ka sa babban harafi da lamba da alama. Dalili kuwa mun san shi da kanmu: wanda aka matsa wa zai mai da musa2003 ta koma Musa@2003, wata uku ya mai da ita Musa@2004, kuma manhajar fasawa ta san wannan wayon tun tuni. Bill Burr, wanda ya rubuta tsohuwar ƙa'idar a 2003, ya faɗa wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta.

Akwai shafin Have I Been Pwned na Troy Hunt, ɗan Ostireliya, wanda ya tara ɗaruruwan miliyoyin kalmomin da suka taɓa fita. An tsara shi yadda potal zai iya tambayarsa ba tare da ya tura kalmarka ba: haruffa 5 na farkon hash kawai ake turawa, shafin ya maido da duk masu farawa da su, a yi kwatancen a gida. Kyauta ne. In aka ƙara masa jerin sunayenmu na gida, aka kuma hana mutum sa lambar wayarsa ko ta rijistarsa, an rage aikin fasawa sosai. Abin da zai rage sai tsofaffin asusu, kuma a nan ma ni da za a ji tawa, da na ma'aikata za a fara: jami'in jarrabawa, ofishin kuɗi, mai shigar da sakamako. In aka shiga asusuna, ni kaɗai na shiga uku. In aka shiga na jami'in jarrabawa, duk sashen ne.

Daga Kutemeshi abin ya ɗan bambanta

Duk waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne da tunanin mutumin da ke zaune da kwamfutarsa da sabis a ɗakinsa, shi ya zaɓi kalmarsa da hannunsa. Mu da muka fito daga Kutemeshi, da maƙwabtanmu na Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa a gabashin Birnin Gwari, ba haka muka shigo intanet ba. Yaro ya gama sakandare, za a yi rijistar JAMB, sai an tura lambar NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, sai an sami imel, sai an je cibiyar da aka amince da ita. Sai ya yi shiri ya hau mota zuwa cikin gari, ko Funtuwa, ko Zariya, a hanyar da kowa ya san halinta, kuma yana so ya gama ya juyo kafin la'asar. Mai shagon kafe, da layin mutum ashirin a gabansa, shi zai buɗe masa Gmail, shi zai zaɓa masa kalmar sirri, kuma kusan kullum lambar wayar yaron ce ko sunansa da shekarar haihuwa, don kada ya manta. Sannan ya rubuta a wani littafi mai dogon bango, saboda ya san yaron zai dawo duba sakamako. Ba mugunta ba ce, taimako ne. Amma kalmar nan ita za ta bi yaron har potal ɗin makaranta, har ya gama difloma.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, gwajin sashen ICT zai kama irin wannan kalmar, kuma ya kamata ya kama ta. Amma ba zai taɓa ganin littafin mai kafe ba. Kalma tana iya zama mai haruffa 20 da babu kwamfutar da za ta fasa, alhali tana rubuce a shafi na 40 a wani shago, ko a bayan katin shaidarka, ko a wayar abokinka da ka ce ya yi maka rijistar kwas don ba ka da data. Ƙarfin kalma daban, sirrinta daban, kuma manhaja ɗaya kawai take aunawa. Saboda haka saƙon da za a tura wa ɗalibi kada ya tsaya a "kalmarka ba ta da ƙarfi", ya ƙara da tambayar: kai ka zaɓe ta, kuma wa ya san ta bayan kai?

Na biyu shi ne abin da ya fi damuna, wato me zai biyo bayan gwajin. Abin da ya fi sauƙi ga ma'aikaci shi ne ya rufe duk asusun da ya faɗi, ya ce kowa ya sabunta ta lambar da za a turo masa a waya ko imel. A cikin Kaduna wannan aikin minti biyu ne. Amma a tuna, a ƙarshen Satumbar 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Birnin Gwari, kuma sai ƙarshen Nuwamba aka maido. Kusan wata biyu babu kira, babu saƙo. Ko a lokacin da ba a katse ba, akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu ko ka je wani gari kafin saƙo ya shigo. Ga kuma wanda layin da ya yi rijista da shi na yayansa ne, ko wayar ta salwanta a hanya, ko imel ɗin mai kafe ne kaɗai ya san yadda ake shiga. In aka yi gwaji lokacin hutu, aka rufe asusu, aka buɗe rijistar kwas na mako biyu, ɗalibin da ke gida a irin wannan wuri zai dawo ya tarar da tarar makara, ko ma ya rasa zangon, kan laifin kalmar da ba shi ya zaɓa ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Don haka gwajin a yi shi ana tsakiyar zango, ɗalibai na makaranta, nesa da lokacin rijista da jarrabawa. Wanda kalmarsa ta faɗi a bar shi ya shiga da tsohuwar, potal ya tsayar da shi a nan take ya zaɓi sabuwa, maimakon a kulle shi a waje. A kuma buɗe tebur a sashen ICT inda mutum zai je da katin shaidarsa a gyara masa ido da ido, ba tare da an ce sai ya kawo lambar da aka tura wa layin da ba ya hannunsa ba. Wannan ƙungiyar ɗalibai za ta iya nema a rubuce, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Sai a yi hattara da wani abu. Ranar da aka sanar cewa za a gwada kalmomin sirri, ranar ce 'yan damfara za su samu kasuwa. Za ka ga saƙo a gurup ɗin WhatsApp na aji, da tambarin makaranta da komai, ana cewa danna nan ka shigar da kalmarka a duba ƙarfinta, ko wani ya kira ka ya ce daga ICT yake, ka karanto masa lamba 6 da ta shigo wayarka. In ka bi bayanin da ya gabata ka san amsar: gwaji na gaske a kan hash ake yinsa, a cikin ɗakin saba, ba ya buƙatar ka faɗa wa kowa komai. Ya kamata sanarwar ta faɗi haka ɓaro-ɓaro a layin farko, da Turanci da Hausa.

In za ka canza taka tun kafin a zo gwajin, tsawo ya fi ado. Ka ɗauki kalmomi huɗu da babu abin da ya haɗa su, kamar a ce tukunya, jirgi, alli, damina, ka jera su. In daga cikin kalmomi 5,000 aka tsamo kowacce da ka, hanyoyin jerawa sun kai tiriliyan 625, wato ninki dubu uku na kalmar nan mai haruffa 8, kuma ta fi Xq7@ sauƙin riƙewa. Sharaɗin dai kada ta zama karin magana ko baitin waƙa ko wani abu da kowa ya haddace, kuma kada ka ɗauki waɗannan huɗun da na rubuta, tunda yanzu duk makaranta ta karanta. Imel ɗinka ka ba shi tasa kalmar shi kaɗai, domin ta nan ake sabunta sauran. Sannan ka guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ. A wayarka suna nan, amma ranar da ka zauna gaban kwamfutar ɗakin karatu ko ta shagon kafe, za ka neme su a allon rubutu ka rasa.